Darasi na Goma Sha Biyu: Neman Shaida Wurin Wanda Ya Koya Maka Aiki

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, mai karatu zai iya:

1. bambanta ire-iren shaida huɗu da ake nema wurin tsohon maigidan aiki;
2. zaɓar mutumin da ya dace ya ba da shaida a kansa;
3. tsara maganar da zai faɗa, ko saƙon da zai aika;
4. riƙe amanar wanda ya tsaya masa.

Shaida tsohuwar aba ce a wurinmu

Duk wanda ya taɓa zama a wurin cinikin albasa a Madawa ko Sabon Gida ya ga irin wannan. Baƙon ɗan kasuwa ya sauka, manoma ba su san iyayensa ba, ba su san garinsu ba, amma sai a loda masa buhuna, wani lokaci ma da sauran kuɗi a kansa. Me ya sa aka yarda da shi? Yana da mai masauki a garin, mutumin da kowa ya sani, wanda ya ce: "Na san shi, ku ba shi." Da wannan magana mai masaukin ya jinginar da sunansa. In baƙon ya cika alkawari, mai masauki ya ƙara daraja. In ya gudu, ƙofar gidan mai masauki za a je a yi sallama.

Haka yake ga ɗan ci-rani. Saurayin da ya bar Tamaske ko Garhanga zuwa Abidjan, wurin ɗan garinsu yake sauka, shi ne zai kai shi gun mai ba da kaya ya ce yaron kirki ne. Haka yake a neman aure: kafin a ba da ƴa, sai an tambayi maƙwabta da abokan sana'a. Daga Adar har Gobir Tudu, mun daɗe da sanin cewa bakin wani ya fi bakinka ƙarfi in ana batun halinka.

Aikin ofis da na ƙungiyoyi bai canza wannan ba, ya dai mayar da shi kan takarda da wayar salula. Difloma tana nuna ka yi karatu ka ci jarrabawa. Ba ta faɗin ko kana zuwa aiki kan lokaci, ko za a iya barin makullin sito a hannunka, ko kana da haƙuri da tsohuwar da ta zo likita ba ta jin Faransanci. Wanda ya san wannan shi ne wanda ka yi aiki a gabansa. Ga matashin da bai taɓa karɓar albashi ba, wannan mutumin shi ne maigidan da ya kula da shi lokacin koyon aiki, abin da muke kira sitaj.

Su wane ne masu shaidarmu?

A gundumomin Madawa, Buza da Keita, koyon aiki yana da ƙofofi da yawa. Ɗaliban makarantun kiwon lafiya suna yin sitaj a asibitin gunduma da cibiyoyin lafiya na CSI, ƙarƙashin majo, wato shugaban cibiyar, ko ungozoma. Ɗaliban makarantar horon malamai ta Kaocen da ke Tawa suna gwada koyarwa a azuzuwan firamare, a gaban darakta. Waɗanda suka fito makarantar aikin gona ta IPDR da ke Kollo suna bin malaman gona, na dabbobi da na gandun daji zuwa karkara. Ɗaliban Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, suna neman wuri a ma'aikatun magajin gari, bankuna da ƙungiyoyi. Akwai masu bautar ƙasa, akwai ɗaliban cibiyoyin koyon sana'a na CFM, sannan ga dubban yara da ke gaban tela, makaniki, mai walda, magini da mai gyaran injin ban ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da wanda ya ga aikinsa da ido. Gani kuwa ya kori ji.

Shaida iri huɗu

Ta farko ita ce takardar shaidar sitaj, wadda ake kira atestasiyon. Gajeruwa ce. Tana ɗauke da sunanka, wurin da ka yi aiki, ranar farawa, ranar gamawa, sa hannun shugaba da hatimin ma'aikata. Ba ta yabo, ba ta kushe. Ga wanda ya yi aikin kwantiragi, akwai ƴar'uwarta, takardar shaidar aiki, wadda dokar ƙwadago ta Nijar, doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta wajabta wa mai ba da aiki ya bai wa ma'aikaci idan aiki ya ƙare.

Ta biyu ita ce wasiƙar yabo. A cikinta maigidan yake faɗin abin da ya gani: irin aikin da ka iya, halinka, yadda kake zama da mutane. Wannan ba dole ba ce a kansa. Kyauta ce, saboda haka roƙonta ake yi.

Ta uku ita ce sa sunan mutum da lambar wayarsa a ƙarshen takardar tarihin karatu da aiki, wato CV. Ƙungiyoyi da yawa suna neman suna biyu ko uku, kuma sukan kira su kafin su ɗauki mutum.

Ta huɗu ita ce sa hanya: maigidan ya ji ana neman ma'aikaci ya sanar da kai, ko ya ambaci sunanka a gaban wanda ke nema. Yawancin ƙananan ayyuka a karkara, irin su ƙidayar gidaje, rigakafi, rabon iri ko kula da gandun renon itatuwa, ana jin labarinsu ne daga baki zuwa baki kafin a ga sanarwa a bango.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shaida ana gina ta ne tun ranar farko ta sitaj. Wanda ya yi wata uku yana zuwa a makare, yana danna waya a gaban marasa lafiya, ya riga ya rubuta wasiƙarsa da kansa. Wanda kuma ya share ɗakin awo ba a ce masa ba, ya cika rajista da kyau, ya yi tambaya inda bai gane ba, shi ma ya rubuta tasa.

Abu na biyu: ka karɓi takardarka kafin ka bar wurin. Tarihin yankinmu ya isa ya koya mana wannan. A 1975 aka fara dasa layukan bedi masu tare iska a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, da haɗin gwiwar malaman gandun daji, ƙungiyar CARE da manoma. A 1984 aka buɗe Furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, aka jera duwatsu a kan tuddai, aka gina madatsun ruwa, aka dasa itatuwa, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan aikin. Mutane da yawa sun koyi tuƙi, awon ƙasa, renon itatuwa da lissafi a waɗannan wurare. Itatuwan suna nan, amma shugabannin da suka ga aikin kowa sun watse: wasu sun yi ritaya, wasu sun koma ƙasashensu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Furoje yana da ranar farawa da ranar rufewa. Ma'aikacin gwamnati ma ana yi masa canjin wuri: majon da ke Karofane bana, baɗi yana iya kasancewa a Abalak ko Damagaram. Wanda ya ce "sai na buƙata in dawo in karɓa" yakan dawo ya tarar da baƙuwar fuska a kan kujera.

Idan takarda ta shigo hannunka, ka yi mata kwafi, ka kai a buga hatimin tabbatarwa a ma'aikatar magajin gari ko ofishin ƴan sanda. Kwafin ake sawa cikin dosiye, wato tarin takardun neman aiki. Ta asali ka sa ta a leda, ka ajiye inda gara da ruwan damina ba za su same ta ba, ka kuma ɗauki hotonta a waya.

Abu na uku: zumunta a ƙafa take. Gaisuwar salla, barkar haihuwa, ta'aziyya, ko saƙon "ina gajiya" sau biyu ko uku a shekara, su ne ke sa sunanka ya zauna a zuciyar mutum. Akwai nauyi ƙwarai mutum ya ɓace shekara huɗu, sannan ya bayyana da buƙata a hannu.

Wa za ka zaɓa?

Matasa da yawa suna tsammani girman muƙami shi ne ƙarfin shaida, sai su sa sunan babban likitan gunduma ko magajin gari, alhali mutumin sau ɗaya ya taɓa ganinsu. In aka kira shi ya ce "wane ne kuma wannan?", magana ta mutu. Ungozomar da kuka kwana gadi tare da ita dare ashirin ta fi shi amfani a gare ka, don tana da abin faɗa.

Ka auna mutum da tambaya uku. Ya ga aikina da idonsa? Mun rabu lafiya? Ana samunsa a waya, kuma yana da haƙurin amsa tambaya? Sannan ka duba irin aikin da kake nema: in na lafiya ne, a samu ma'aikacin lafiya a cikin masu shaidarka; in na gona ne, malamin gona. Kada ka sa mahaifi, kawu ko suruki. Kowa ya san jini ba ya kushe nasa.

Yadda ake roƙo

Doka ta farko: ba a sa sunan mutum a takarda sai da izininsa. Wanda aka kira ba shiri yakan yi in-ina, mai tambaya kuma ya ɗauka ɓoye wani abu yake yi.

In yana kusa, ka je da ƙafarka, a wurin aikinsa, cikin lokacin aiki. Ka duba lokaci: ƙarshen damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya cika likita da yara, ko ranar kasuwa, ko makon rigakafi, ba lokacin tsayar da majo ba ne. In yana nesa, ka fara aika saƙo ka nemi lokacin da za ka kira. Ka ba shi aƙalla mako biyu kafin ranar rufe karɓar dosiye. Ka tafi da kwafin sanarwar aikin, CV ɗinka da takardar sitaj, domin ya tuna kwanakin. Ga misali. Wata matashiya ce ta koma wurin majon da ta yi sitaj a hannunsa.

Ɗaliba: Salamu alaikum. Barkanku da aiki, Majo.

Majo: Wa alaikumus salam. A'a, ƴata, ke ce? Ina gajiya, ina mutanen gida?

Ɗaliba: Lafiya lau, suna gaishe ku. Majo, na yi sitaj a nan wurinku wata uku bara, daga Yuli zuwa Satumba, a ɗakin awon yara.

Majo: Na tuna. Ke ce kika gyara mana rajistar tamowa.

Ɗaliba: Ni ce. Wata ƙungiya ce ke neman masu awon yara a ƙauyukan Bangi, za a rufe karɓar takardu ranar 20 ga wata. Sun ce a kawo sunan mutum biyu da suka san aikin mai nema. Shi ne na zo in nemi izininku, in kuna ganin kun san aikina yadda za ku iya faɗin alheri a kaina. In kuma da nauyi, ba komai, na gode da abin da kuka koya mini.

Majo: Ba wani nauyi. Ki sa sunana. Bar mini kwafin sanarwar in karanta. Ki ce su kira da yamma, da safe ina tare da marasa lafiya.

Ɗaliba: Na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Zan sanar da ku yadda ta kasance.

Ku lura da abin da ta yi. Ta yi gaisuwa cikakkiya. Ta tuna masa lokaci da ɗakin da ta yi aiki. Ta faɗi aikin da ranar rufewa. Ta kuma buɗe masa ƙofar da zai iya ƙi ba tare da kunya ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a al'adarmu, inda babba yake jin nauyin cewa a'a. Wanda aka matsa wa yakan ce "to" da baki, ranar da aka kira shi kuma ya ba da shaida mai sanyi, wadda ta fi rashin shaida illa. In mutum ya ce "sai na duba", ka tuna masa sau ɗaya bai motsa ba, ka gane amsarsa, ka gode masa, ka nemi wani.

Ga samfurin saƙon waya ko WhatsApp:

"Salamu alaikum, Malam. Da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ni ne (suna), wanda ya yi sitaj a wurinku a (wuri), daga (wata) zuwa (wata), shekarar (shekara). Ina neman aikin (irin aiki), za a rufe ranar (kwanan wata). Ina roƙon izininku in sa sunanku cikin waɗanda suka san aikina. Wane lokaci ne zan iya kiranku? Na gode, Allah ya bar zumunci."

Yawancin dosiye har yanzu da Faransanci ake haɗa su. In maigidanka tela ne ko makaniki da bai yi lakwal, wato makarantar boko, ba, wannan bai rage darajar shaidarsa ba. Ya faɗi maganarsa da Hausa, wani amintacce ya rubuta, a karanta masa, ya sa hannu da lambar wayarsa.

Shaida daban, alfarma daban

Wasu za su ce: "Malam, ai yanzu sai kana da hanya." Mun san maganar da ake yi ta PAC, wato dangi, abokai da sanayya, kuma mun san ta sa matasa da yawa sun karaya. Amma a bambanta abu biyu. Alfarma ita ce a ba mutum abin da bai cancanta ba don wanda ya sani. Shaida ita ce a faɗi gaskiyar abin da mutum ya iya. Ɗan talaka da ba shi da kowa a Yamai, shaidar maigidansa ita ce dukiyarsa, kuma da guminsa ya same ta.

Saboda haka kada ka roƙi a ƙara maka wata a kan watannin da ka yi, ko a rubuta aikin da ba ka taɓa yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne: kira ɗaya ya isa ya tona, a rasa aikin, a zubar da mutuncin mutum biyu. Shaida kuma ba ta sayarwa ba ce. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya sa hannu, ko ya ce a turo masa jika kaza ya sama wa mutum aiki a ƙungiya, a guje shi. Ƴan'uwa mata, in wani ya ce sai kin same shi a gida da dare, ko ya nemi abin da bai dace ba, ki bar masa takardarsa, ki sanar da wanda kika amince da shi, ki nemi wani mai shaida. Mutuncinki ya fi kowace wasiƙa.

Kada kuma a zauna jiran maigida shi kaɗai. A yi rajista da hukumar samar da aikin yi ta ANPE, a riƙa duba allon sanarwa na ma'aikatar magajin gari da ta gunduma, a saurari gidajen rediyon karkara.

Bayan an ba ka

Yaba kyauta tukwici. Ko an ɗauke ka, ko ba a ɗauke ka ba, ka koma ka faɗa wa wanda ya tsaya maka. In za ka sake sa sunansa a wani dosiye, ka sake sanar da shi. In Allah ya sa ka samu aikin, ka tuna da sunan wani ka shiga. Kyakkyawan aikinka zai sa a yarda da maganarsa gobe, in ya kawo wani yaro daga Ibohamane ko Tabotaki. Sakacinka kuma zai rufe wa na baya ƙofa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin takardar shaidar sitaj da wasiƙar yabo?
2. Me ya sa ya kamata a karɓi takarda kafin a bar wurin koyon aiki? Kawo misali daga garinku.
3. Waɗanne tambayoyi uku ake auna mai shaida da su?
4. A cikin hirar ɗaliba da majo, wace magana ce ta ba majo damar ƙi ba tare da kunya ba?
5. Ta yaya aikin mai masaukin ƴan albasa ya yi kama da na mai ba da shaida?

Aikin yi

A cikin aji: ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama maigida, ɗaya mai roƙo, sannan ku yi musanya. Sauran ƴan aji su faɗi abin da aka manta.

A gida: kowa ya rubuta sunayen mutum uku da suka ga aikinsa da ido, da wurin da suke yanzu, da ranar da ya gaishe su ta ƙarshe. Ya cike samfurin saƙon da ke sama da bayanansa, ya kawo a gyara.

Kafin darasi na gaba, kowa ya gaishe da mutum ɗaya daga cikin ukun nan, da ƙafa ko ta waya, ba tare da ya roƙe shi komai ba. Wanda kuma takardar sitaj ɗinsa take can ba a karɓa ba, ya je ya karɓo ta cikin wannan mako, tun wanda ya san shi yana kan kujerar.